Ranar da Manhajar Barewa Ta Ce Mata Huta

Ni na fara gani. Kafin uwarta ta gani, kafin ƙawayenta su fara raɗe-raɗi a waya, kafin ita kanta ta san inda zuciyarta ta dosa, ina zaune a kujerata ta bakin falo na dubi yaron nan mai tabarau na ce a raina, wannan siririn shi ne zai iya da jikata. Ranar ya kawo mata cajar kwamfuta ce da ta manta a ofis. Ya cire takalmansa ya jera su kamar na sayarwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi zama. Ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ajiye a nan ka tafi." Ya ce, "Sai kin duba saƙon da na aiko tun safe." Bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa ba. Ta yi tsaki, ta ɗauko waya, ta duba. Duk gidan nan babu wanda ya taɓa sa Barewa ta yi abu a lokacin da ba ta yi niyya ba, har ni da nake mijinta na farko.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan, ni ne kakan yarinyar, ni na haifi uwarta. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa, magana nake yi waya tana rubutawa, in kun ga shirme nata ne. Na yi dako a tasha har wuyana ya yi kanta. Na yi yaron babbar mota, ta faɗa da mu ƙarƙashin gada, ana zaro mutane a kwance ni na fito da ƙafata ina neman hulata. Likitoci sun buɗe cikina, har an fara kiran dangi, ga ni nan ina shan shayina da sukari. Don haka in na ce na ga abu, na gani.

Ni na raɗa mata Barewa tun tana 'yar mitsitsiya, in an aike ta shago sai ta dawo kafin wanda ya aike ta ya zauna. Ta girma, gudun bai bar ta ba. Kuma ba irin na yara ba ne da ake ƙarewa kafin ka ƙifta ido. Dogon zango take yi, irin wanda za ka karya kumallo, ka yi wanka, ka yi baƙi ka raka su, ita tana kan hanya. Kullum kafin rana ta fito ta saka baƙin dogon wandonta da riga mai dogon hannu har gwiwa, da ƙaramin hijabin nan mai kama kai wanda iska ba ta ɗagawa, ta ɗora hula mai baki a kai, ta ɗaure takalmin da take wankewa da buroshin haƙori. A filin bayan makaranta mata suna jiranta, malamai da ma'aikatan asibiti da masu shaguna, wasu sun haife ta, amma duk Koci suke ce mata. Ni ne mai tsaron robobin ruwa. Ina kafa kujerata mai naɗewa a gefen fili, kuma tun da na fara zuwa babu ɗan zaman banzan da ya sake tsayawa kallo.

Daga fili sai wanka, daga wanka sai ofis. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran taya, da dogon tebur, da fanka mai kuka, da farin allo da suka cika da zane-zane. Nan ne kamfaninta. Abin da suke ƙerawa manhaja ce ta waya don masu gudu, kuma ku saurara da kyau, don a nan rigimar take. Kowace mai gudu tana kwana da agogo a hannu. Agogon yana sauraron bugun zuciyarta da yadda ta yi barci da yadda ƙafarta ke sauka a ƙasa. Da safe manhajar ta nuna mata ɗigo. In kore ne, ta fita. In ja ne, manhajar ta kulle aikin ranar, ta kuma nuna wa duk 'yan ƙungiya, don kada mutum ya yi satar fita. Barewa ce ta kafa wannan doka da hannunta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Na sha ganin ta mayar da babbar mace daga bakin fili.

"Anti, ja ne. Koma ki kwanta. Hutu ma horo ne."

Shi kuwa Tabarau, aikinsa a kamfanin gwaji ne. Shi ke tonon inda manhajar ta yi kuskure kafin mutanen waje su gani. Mutumin da aikinsa neman laifi, amma bakinsa ba ya faɗin magana mai zafi. Ya daɗe da nuna yana son ta da aure, ita kuma ta bar shi a tsaye, ba i ba a'a.

Uwarta ce ta gaji da jira. Ta saka mayafinta na fita ta je ta gaida mahaifiyar yaron, ta dawo fuskarta a sake. Barewa tana zaune a ƙasan falo tana miƙe ƙafa, kwamfuta a cinya, ayaba a baki.

"Mun gama magana," in ji uwar. "Mutanen kirki ne. Abu ɗaya ya dame ta, na kuma kwantar mata da hankali. Na ce daga babban tseren nan mai zuwa, gudu ya ƙare."

Barewa ta cire ayabar. "Alkawarin ƙafar wa kika ɗauka, Mama?"

"Ƙafar da na haifa. Ki yi wannan na ƙarshe ki rataye takalmin. Kamfani kaɗai ya ishe ki, ga gida zai hau kanki. Ki fita da duhu ki dawo da duhu, wane namiji ne zai zauna da iska?"

"Shi ya ce haka?"

"Sai ya faɗa? Yaro ne mai kunya."

Da ta tambaye shi da an huta. Amma jikata tana da girman kai, kuma na san inda ta samo shi. Ta ɗauka maganar tasa ce ya bi ta bakin manya. A ofis ta daina yi masa magana sai ta aiki, saƙonninsa na waya kuma ta bar su a rufe. A ranta ta ce, in dai wannan ne na ƙarshe, to babu abin da zai hana ta shi.

A cikin matan da take horarwa akwai Maɗinkiya, wata ƙatuwar mata mai barkwanci da ta ba hamsin baya, ita ke ɗinka wa ƙungiyar hijabansu. Ciwon suga ne ya kawo ta fili. Ranar farko ko zagaye ɗaya ba ta iya ba, ta zauna kusa da ni tana cewa a kira mata mota. Bayan shekara guda sai ga ta tana son shiga babban tsere. Wanda bai saba ba yakan kwasa da ƙarfi tun farko saboda ihun mutane, ya zo tsakiya ya zube. Sai da wani a gefensa mai riƙe masa taki, yana ce masa rage, yana ce masa sha ruwa. Barewa ta riƙe hannunta ta ce, "Anti, kafaɗa da kafaɗa za mu yi shi, daga farko har ƙarshe."

Sai aiki ya ninku. Da safe ta horar da mata ta kuma yi nata zangon. Da rana ofis, don masu shirya tseren sun ɗauki manhajarta, da ita za a riƙa bin sawun kowane mai gudu a ranar, kuma sun matsa a miƙa musu a kan lokaci. Da yamma ta sake ɗaura takalmi ta raka Maɗinkiya nata zangon. Abinci a tsaye, amsa waya a kan matakala. A da, ita ma ja yakan fito mata ta zauna a gida tana ƙunƙuni. Amma tun daga wannan lokacin ɗigonta ya zama kore, kore, kore. Matan suka ce jikin Koci ya koma ƙarfe. Na ce musu gado ne.

Wata rana da la'asar na ga tana saukowa daga bene a karkace, tana fara sa ƙafar dama a kowane mataki. Na bi ta ɗaki. Na same ta a bakin gado, ƙafar hagu cikin bokitin ƙanƙara har ƙwauri, kwamfuta a kan matashi tana ta dannawa.

"Amarya, ƙafar ce?"

"Tsoho, ka rufa mini asiri. In Mama ta ji, wannan ɗin ma ba za ta bar ni ba."

"Ni za ki gaya wa ciwo? Na taka da karyayyen haƙarƙari har gari na gaba. Share shi, zai gaji ya tafi. Nawa haka suka yi."

Ta yi dariya ta ce shi ya sa ta ƙi sakina. Na ja mata ƙofa.

Safiyar da abin ya fashe, muna isa fili muka tarar matan sun yi cirko-cirko, kowa da waya a hannu. Babu mai miƙe jiki. Maɗinkiya ta tako gaba, ta gyara tsayuwa irin ta Barewa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Koci, ja ne. Koma ki kwanta. Hutu ma horo ne."

Matan suka kwashe da dariya. Barewa ta zaro wayarta. Ga shi nan kusa da sunanta, ja kamar garwashi, a gaban kowa. Ta danna aikin ranar, ya ƙi buɗewa. Ta sake dannawa. Dariyar ta fara mutuwa da suka ga fuskarta.

"Kuskuren na'ura ne," ta ce.

"Ranar da na ce haka me kika ce mini?" in ji wata malama daga baya.

Barewa ta ba su aikin ranar a gajarce, ta ce Maɗinkiya ta ja gaba, ta juya ta nufi mota. Na kwashi robobina na bi ta, don na san inda za ta, kuma irin wannan ba a ba ni labari.

Masu taya ko buɗe shago ba su yi ba. Ta hau benen da kayan gudunta, tana cije leɓe a kowane mataki. Tabarau yana zaune a mazauninsa, rigarsa a goge, hannuwansa a kan tebur. Da gani jira yake.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

"Ni ne, Shugaba. Ina kwana, Baba."

"Bar gaisuwar. Da izinin wa?"

"Aikina ne in nemo kuskure. Na samu layi ɗaya a cikin manhajar da ke cewa a duba kowa ban da mutum ɗaya. Na cire shi."

"Ba kuskure ba ne. Ni na rubuta."

"Na sani. Shi ya sa na yi ta aiko miki saƙo." Ya ɗaga wayarsa ya karanta mata, ni ma na ji. Na farko ya ce, akwai layin da ya kamata mu yi magana a kai. Na biyu ya ce, agogonki yana nuna kina jingine nauyi a ƙafar dama, don Allah ki buɗe. Na ƙarshe ya ce, gobe za a miƙa wa masu tsere, ba zan sa hannu a kan abin da na san ƙarya yake yi ba, in ban ji daga gare ki ba zan cire.

"Ka kunyata ni a gaban matan da nake horarwa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kun gama shirinku da Mama. Ko na ƙarshen ma ba za ka iya jira in yi ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Na ƙarshen me?"

Na samu kujera na zauna.

"An ce daga wannan tseren na daina. An ce sharaɗin gidanku ne."

"Ni ba a tambaye ni ba. Ke ma ba ki tambaye ni ba."

Amma ita jinina ce, ba ta sauka da wuri. "Ko ma dai mene ne, me ka sani game da gudu da za ka yanke mini hukunci? Kai da kake zaune a kujera tun safe har dare."

Ya juyo mata da kwamfutarsa. "Kin san wannan sunan?"

"Gwaji. Mutumin ƙarya ne, lambobin da kake zubawa don ka jarraba manhaja."

"Da farko haka ne. Sai na ga lambar ƙarya ba ta gajiya, ba ta kwana tana tari, ba ta ciwon gwiwa. Ba za ta nuna mini inda manhajar ke kuskure ba. Sai na sayi takalmi."

Ya sunkuya ya zare safa ɗaya. Farcen babban yatsansa ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fita ma gaba ɗaya. Ni ban san dogon gudu ne ke jawo wannan ba sai daga baya, amma ita ta sani, don nata ma haka suke. Ta dubi yatsan, ta dubi kwamfutar, ta jawo ta gabanta tana ja da yatsa, wata bayan wata, duk zangon da wannan Gwaji ya yi a bayan gari kafin ya zo aiki.

"Kwanaki kin ce in gyara shi," ya ce, "wai ko kunkuru ya fi shi sauri."

Dariya ta ƙwace mini har hulata ta faɗi. Ita ba ta yi ba.

"Ja ya sha fito mini," ya ci gaba. "Duk ranar da ya fito na zauna, don ke kika rubuta dokar kuma na yarda da ke. Shi ya sa har yau nake yi."

Ta miƙe. "Ka tsallake ni a kamfanina, wannan maganar ba ta mutu ba. Tsoho, tashi mu je asibiti. Zan kawo masa takarda ya ga na'urarsa ce ke ƙarya."

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata doguwa mai furfura a goshi, ta ɗora shi a jikin fitila ta nuna mata wani siririn layi a ƙwaurin, kamar gashi ya faɗa a faranti. Ta ce tsagewa ce ta fara. In ta huta zai haɗe. In ta yi dogon tsere a kansa, yana iya rabewa a tsakiyar hanya, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ni na ce a zamaninmu ɗaurewa ake yi a wuce, likitar ta ce a zamaninku mutum nawa ne ke ɗingishi yanzu. Ban tsaya jayayya da mace a wurin aikinta ba.

"Zan koma gudu?" Abin da Barewa ta tambaya ke nan kawai.

"In kin ba shi lokacinsa."

Aka saka mata wani ƙaton takalmin roba mai maɗauri har gwiwa. A mota ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta tayar ba. Na zaci kuka za ta yi, har na fara lalubo hankici. Ba ta yi ba.

"Tsoho, don tsoron kada a ƙwace mini shi na kusa karya shi da hannuna." Ta murɗa makulli. "Babu wanda zai zaɓa mini ranar ƙarshe. Har ni."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, don uwarta tana da 'yan rahoto a cikin matan nan. Ta kira Tabarau, ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya waɗanda ni ko taɓawa ba a bari in yi. Mun shigo yana zaune a bakin kujera kamar wanda aka kawo ƙara. Maɗinkiya ma ta zo dubiya, igiyar awo a wuyanta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," uwar ke cewa tana zuba shayi. "Abin da na kasa shekara da shekaru, ka yi shi a safiya ɗaya."

"Mama, ki gafarce ni," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba don ta daina na yi ba. Don ta daɗe tana yi ne."

Ta ajiye butar. "Mahaifiyarka fa? Na riga na ba ta baki."

"Zan yi mata magana da kaina. Tun farko ni ya kamata in yi."

Barewa ta jawo ƙaton takalminta har tsakiyar falo, ta zauna a ƙasa gaban uwarta, inda take zama tun tana ƙarama in za a yi mata kitso.

"Mama, wannan tseren ba zan yi ba. Ni na ajiye shi, ba wani ba. Amma takalmin ba zan rataye ba. Ban taɓa ƙin maganarki ba sai wannan, ki yi haƙuri da ni. Duk wanda zai ɗauke ni, da takalmin zai ɗauka."

"Ki dubi ƙafarki, sannan ki maimaita."

"Na duba, har hotonta na gani. Ba gudu ne ya yi mata haka ba. Rashin hutu ne."

Uwar ta juyo gare ni. "Baba, ka yi magana mana. Kai take ji."

Na kurɓi shayina a kofin zinariya, tunda yau babu mai hana ni. "Ni mijinta na farko ban hana ta ba. Na biyun ma ga shi ya ce bai hana ba. Ke ce za ki aure ta?"

Ta kwashe faranti ta yi kicin. Daga bakin ƙofa ta ce, "Sai na ji daga bakin mahaifiyarsa." Ba ta yarda ba, kada wani ya ce na ce ta yarda. Amma ba ta rufe ƙofar da ƙarfi ba, ni kuma na san 'yata.

Maɗinkiya ta yi gyaran murya. "To, an gama na masoya. Ni fa? Na gaya wa 'ya'yana su zo su tsaya a ƙarshen hanya, har na ɗinka wa jikokina riguna iri ɗaya. Ni kaɗai in na shiga cikin taron nan, kwasa zan yi kamar an biyo ni, ku tsince ni a kwalbati."

Barewa ta ɗago ta dubi Tabarau. Ta daɗe tana dubansa, irin duban da take yi wa sabuwar ɗaliba.

"Anti, saurinki da nasa ɗaya ne. Na ga lambobinsa."

"Wannan? Iska ba za ta ɗauke mini shi ba?"

"Shugaba, ban taɓa yin wannan nisan ba," in ji shi.

"Ita ma ba ta taɓa ba. Da shirin shi ne kai ka zauna a rumfa da kwamfuta ranar tsere, ni ina hanya. Ka cire ni daga hanya, sai ka cike gurbin. Ni zan riƙe rumfar, ƙafata a kan kujera, ina ganinku ɗigo biyu. Kada ka wuce ta, kada ka bar ta a baya. In ta ce maka ta mutu, ƙarya take yi, ka ba ta ruwa."

"In na kai ta fa?"

"Ka kai ta tukuna. Amsar da kake jira tana ƙarshen hanya."

Ya gyara zaman tabaransa. "In kuma ja ya fito mini a safiyar?"

"Ba za ka fita ba. Doka ce."

"Amsar fa?"

"Sai baɗi."

Maɗinkiya ta zare igiyar wuyanta ta ce ya miƙe ta auna shi, ba za ta yi gudu kusa da mutum mai rigar ofis ba.

Yanzu kullum da safe kujera biyu nake kafawa a gefen fili. Barewa tana kan ɗaya, ƙafarta a kan akwatin robobi, kwamfuta a cinya, usur a baki. Tana gyaran manhaja da hannu ɗaya tana yi wa mata tsawa da ɗayan. Da rana ta tashi daga ofis da wuri, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dawo gida ta yi barci, don ɗigonta har yanzu ja ne kuma kowa yana gani. Ranar da matan suka fita dogon zango ta bi su da ido har suka sha kwana, sannan ta koma kan aikinta. Shi kuwa yana can gefen Maɗinkiya cikin rigar da ta ɗinka masa, wadda ta yi masa yawa, tabaransa ɗaure da igiya ta ƙeya. Gudunsa ba kyau, gwiwar hannu a waje kamar kaza za ta tashi. Amma takinsa ba ya canzawa, kuma yaron nan yana kwanciya da wuri kamar jariri don tsoron ja.

Ya yi wa mahaifiyarsa maganar. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Saƙon murya ta aiko wa 'yata, na ji shi ta bango. Ta ce za ta zo ƙarshen hanya ranar tseren ta ga abin da ya sa ɗanta ya rasa farce, daga nan ta san abin da za ta ce.

Na ji abin da wasunku ke rubutawa a ƙasan shafin nan, ana karanta mini. Wai ɗan kwamfuta ba zai kai ko rabi ba. Mai gyaran taya ma ya ce a motar asibiti za a dawo da shi. To ku ji. Na ɗauki kaya tare da ƙarti masu ƙirji kamar ƙofa, na ga sun ajiye a tsakiyar hanya, na ga sirara sun kai. Na san mai kaiwa tun daga tsayuwarsa. Yaron nan zai shigo, Maɗinkiya a gefensa, ba gaba ba baya. Duk mai shakka ya zo ƙarshen hanya ranar Lahadi ya neme ni kusa da rumfar kwamfuta, ba zan ɓuya ba. In bai shigo ba, a ba ni takalminsa a gaban kowa, ni da shekaruna zan koma inda ya tsaya in ƙarasa masa. In kuwa ya shigo, mai shakkar ne zai ɗauki robobin ruwana a ka har gida. Wanda ya isa ya rubuta sunansa a ƙasa.